Inuwar Mama a Kan Layin Rumawa

Yayana Egisto ya rasu ya bar mini teburin cin abinci wanda aka yi shekaru ba a ci komai a kansa ba. Taswirori ne shimfiɗe a kai, wata kan wata, an danne gefensu da gutsattsarin jan bulo da ya tsinto a gonakin mutane. In ka je gidansa da rana, a tsaye za ka ci taliyarka a bakin murhu, shi ma a tsaye yake ci. Na yi faɗa har na gaji. Ni Dirce, duk garinmu an san bakina, shekara da shekaru ina gasa gurasa a rumfata ta bakin babbar hanya ina musayar magana da direbobi, amma a kan teburin nan ban taɓa yin galaba ba.

Gida ɗaya yake nema a cikin takardun nan, gidan da mahaifiyarmu ta yi kwanakinta na ƙarshe.

An haife shi kafin yaƙin duniya, ni kuma a tsakiyarsa, a kakar da sojoji suka ratsa ƙasarmu. Babanmu Nullo manomin raba-daidai ne: gona ta mai ƙasa, gida na mai ƙasa, guminka naka, amfani a raba biyu. Irinsu ba su da gari. In mai ƙasa ya gaji da kai, ko hannayen aiki suka ragu a gidanka, sai ka tashi, kuma ranar tashi ɗaya ce ga kowa, ranar Waliyyi Martino, bayan an gama shukar alkama. Shekara guda kacal suka yi a wannan gida. A cikinsa Mama ta haife ni ana ruwan bama-bamai, jini ya ƙi tsayawa, sojoji suka ɗauke ta a mota zuwa birni, ba ta dawo ba. An binne ta a kabarin taro tare da wasu da yawa, ba suna ba alama. Da ranar Martino ta zo, mai ƙasa ya ce namiji ɗaya da yaro da jaririya ba za su riƙe masa gona ba.

Baba ya ɗora mu a keken shanu da 'yan komatsanmu, ya kawo mu wajen ƙanwarsa, Gwaggo Zaira, a nan yammacin kogin Savio. Hazo ne ranar, irin wanda ba ka ganin ƙahon san da ke jan ka, Egisto kuwa ya lafe a ƙarƙashin katifa ya yi ta barcinsa. Baba bai ƙara ambatar gidan ba. In an tambaye shi sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Can." Ya rasu Egisto bai gama firamare ba. Gwaggo ba ta taɓa taka wurin ba, takardar haihuwata ta ce karkarar birnin Cesena kawai, littafin cocin da aka yi mini baftisma kuma ya ƙone tare da cocin. Ba hoto, ba kabari, ba adireshi. Abin da ya rage na Mama a duniya yana cikin kan yaro ɗan shekara shida.

Na ji labarin nan har na haddace, domin ba ya sauya ko kalma.

"Gidan a kusurwa yake, inda hanyoyi biyu suka gitta. Akwai ɗan ɗakin Maryamu na addu'a a mararrabar, akwai rijiya da ɓaure a bayanta. Ina wasa a bakin lambatu, sai ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa. Mama ta fito ta tsaya a tsakiyar hanya ta kira ni cin abinci. Rana tana bayanta, ban ga fuskarta ba. Inuwarta ce ta miƙe sak a kan hanya, daidai da lambatu, har ta taɓo ƙafata. Sai na bi ta kan inuwar na je wurinta."

A nan yake tsayawa kullum. Ni kuwa sai in ce masa ai shi ya ji daɗi, ko inuwa ya samu, ni da ban san ta ba me zan yi kewa? Haka nake faɗa ina buga ƙullun gurasa. Gaskiya kuwa hassada nake masa, kuma na girma da wani rami a ƙirjina da ban san abin da zan zuba masa ba.

Ya tashi yaro mai shiru, ga son ƙarfe. Da ya yi hankali ya shiga ƙungiyar masu injunan noma ta ɓangarenmu, aka ba shi katafila. Lokacin ne ake ta gyara gonaki domin manyan injuna. Gonakin da muka tashi muka gani duk jere-jeren bishiyoyi ne, inabi ya naɗe su daga wannan zuwa waccan, tsakaninsu alkama. Egisto ne ya tuge su. Ya cike ƙananan lambatu, ya baje tsofaffin gidajen manoma da aka gudu aka bari, ya mai da ƙasa sumul kamar faranti. Ana yaba masa, wai hannunsa ya fi ma'auni. Ya auri Aldina, mace mai dariya, ba su samu haihuwa ba, ta riga shi tafiya da daɗewa.

A bakin aikin nan ya lura da wani abu. Akwai lambatun da in ka cike shi ya ciku, akwai kuma wanda ko ka cike, ruwan sama na fari zai dawo ya kwanta a wurin, sai an sake haƙa shi. Waɗannan masu taurin kan duk a miƙe suke, tazararsu ɗaya, kuma hanyoyinmu a gefensu suke bi. Mu dai mun tashi mun ga hanya ba ta lanƙwasa, in za ka juya sai a mararraba, kowace mararraba kuma da ɗan ɗakin Maryamu ko gicciye. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Wani safiyo, mai auna ƙasa, da suke cin abincin rana tare ne ya gaya masa cewa Rumawan farko suka ja layukan nan, shekara dubu biyu da ɗoriya, suka yanka ƙasar gida-gida kamar allon dara, kowane fegi mita ɗari bakwai da 'yan kai ta kowane gefe, suka raba wa waɗanda suka zo zama.

Ran nan ya zo rumfata da man inji har gwiwar hannu, bai ko gaishe ni ba.

"Dirce, gida yana rushewa, ni shaida ne, ni nake rushe su. Bishiya tana faɗuwa. Amma kusurwa ba ta zuwa ko'ina. Kusurwarmu tana nan."

Na ce masa ya matsa, yana kore mini masu saye.

Bai fara neman gadan-gadan ba sai da ya ajiye aiki. Ya gano cewa a ma'adanar tsofaffin takardu ta birni akwai taswirori tun na zamanin da Paparoma ke mulkin ƙasar nan, waɗanda aka zana domin haraji, kowane gida an ɗiga shi da ja, kowace rijiya da ɗan zagaye. Akwai kuma na sojoji, na kafin yaƙi. Mutumin da ko jarida ba ya karantawa sai ga shi ya sa rigar zuwa coci yana hawa bas zuwa birni, ya dawo da kofe-kofe a naɗe a hammata. Yadda yake yi, sai ya zana layukan Rumawa a takarda shara-shara, ya ɗora ta kan tsohuwar taswira, sannan ya ɗora kan sabuwa. Duk kusurwar da ke da jan ɗigo a tsohuwa, babu komai a sabuwa, sai ya kewaye ta da fensir. Inda hanya ta ɓace, yakan bi ta iyakar gonaki: nan ɗan guntun lambatu, can jeren kara, gaba kuma inda gonar wane ta ƙare ta wane ta fara, har layin ya sake fitowa. Wasu layukan da yake lalube, shi da kansa ya shafe su da katafila, kuma ya san haka. Na taɓa ganin ya ɗora yatsa a kan wani fegi ya daɗe bai ɗaga ba, ya faɗi jeren bishiya nawa ne a nan a da, har ya tuna launin inabinsu.

Lahadi kuwa tawa ce ta shiga uku, domin ni ce mai mota. Bayan coci sai mu kama hanya, shi da taswira a cinya, ni da mita a baki. Mu je mararraba, ya fita, ya tsaya, ya juya nan ya juya can, ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya dawo ya ce a'a. An sakar mana karnuka. An ɗauka mu 'yan haraji ne. Wani ya ga takarda ya zaci sabuwar hanya za a fasa ta gonarsa, ya bi mu da babban cokalin kwashe taki har bakin mota. Wasu kuma sukan zaunar da mu su zuba mana ruwan inabi, su kira kakarsu ta zo ta yi tunani, a ƙarshe ta ce ita dai ta san wani Nullo, amma gurgu ne kuma ba shi da 'ya'ya.

Maganar inuwa ita ce ta fi damunsa. A ɓangarenmu kowa ya san inuwar bishiya ba ta kwanciya daidai da lambatu sai bayan an ci abinci an ɗan kishingiɗa. Da tsakar rana a karkace take tsallake hanya. Ya gwada da sanda a kusurwa ba adadi, bai taɓa samun ƙararrawa da inuwa sun zo tare ba. Na ce masa kan yaro ne, ya haɗa kwana biyu ya ɗinke, ƙararrawar Litinin da inuwar Alhamis. Ya ce ƙila haka ne. Daga baya in yana ba baƙi labarin sai ya bar ƙararrawar.

Gabashin kogi kuwa ko kallonsa ba ya yi. Hujjarsa ita ce a kakar nan an fasa gadoji duka, keken shanu ba shi da fiffike, saboda haka gidan a ɓangarenmu yake. Har almakashi ya sa ya yanke taswirorinsa a bakin kogi don su samu wuri a tebur. Bai kuma taɓa aiki a can ba, domin mutanen can suna da tasu ƙungiyar injuna, ta wata jam'iyya daban, ko gaisuwar kirki ba a yi. Ya san can ma akwai layukan Rumawa, ya sha ganinsu a takarda. Amma mu mutanen nan ba ma cewa arewa ko kudu, wajen dutse muke cewa da wajen teku. Kowace takarda ta zo hannun Egisto, sai ya juya ta har layukanta su daidaita da bakin tebur, sannan ya ji daɗin kallonta. A haka kuwa duk ƙasar iri ɗaya ce.

Shekaru suka yi ta tafiya, kewayen fensir suna ƙarewa. Idonsa ya fara hazo, ya koma duba takarda da gilashin ƙara girma, hancinsa har yana gogar ta. Likita ya ce zuciyarsa ma ta gaji. Wata Lahadi muka je kusurwa ta ƙarshe, wurin an gina ɗakunan kiwon kaji, ya fita ya dawo bai ko ce a'a ba. Lahadin da ta biyo na yi ta jiran ya kira ni, bai kira ba. Na je na same shi zaune a kujera ya juya wa teburin baya. Ni da na yi shekaru ina roƙon a bar ni in huta, ranar tsoro ya kama ni, na koma gida na yi kuka a mota.

Don in fitar da shi daga ɗaki ne na ja shi zuwa gidan Inna Iside, surukar 'yata, wadda ta gayyace mu cin abinci a cikin watan Oktoba. A gabashin kogi take, tsohuwa ce tukuf, ta haura tasa'in, amma har yanzu ita ke murza taliyar gidan, kuma ba mai sa cokali a baki sai ta ce. Muka isa, muka zauna a tsakar gida, ƙamshin miya yana ta jan hancinmu. Ƙararrawar coci ta buga sha biyu, ba ta motsa ba. Jikokinta suka fara zagaye tukunya, ta kore su da tsumma. Ni ma yunwa ta sa na ce, "Inna, ko sai mun suma za a zuba?"

Ta nuna jeren dogayen bishiyoyin da ke bakin hanyarsu da sandarta.

"Inuwa ba ta shiga lambatu ba tukuna. Wannan ƙararrawar ta gwamnati ce, su tura agogo gaba su ja shi baya, ita kuma tana binsu. Da can tare suke zuwa, ƙararrawa na kaɗawa inuwa na kwanciya. Ni da lambatu nake aiki, tun ina amarya bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Muka yi dariya, ban da Egisto. Ya miƙe a hankali, ya fita bakin hanya, ya tsaya. Na bi shi da ido. Inuwar bishiyoyin tana ta matsowa kaɗan-kaɗan, har ta haɗu ta zama layi ɗaya ta kwanta tsaf a cikin lambatun. Inna Iside ta ce a zuba abinci. Ya dawo fuskarsa fara fat, ya durƙusa kusa da kujerarta, abin da gwiwarsa ta daɗe ba ta yarda da shi ba.

"Inna, a nan kullum haka take yi? Da tsakar rana?"

"To da yaushe za ta yi? Ku a tsallakenku da asuba take yi?"

Ya tambaye ta gadoji. Ta ce an fasa su mana, amma ai sojoji sun kafa ta ƙarfe ba da jimawa ba, ita kanta ta bi ta kai da akuya a hannu kafin sanyi ya shigo. Ranar Egisto bai ci abin kirki ba, Inna Iside kuwa ta riƙe abin a ranta har ta mutu.

Da muka koma gidansa ya sa na nemo masa taswirar da bai yanka ba, ya ce in duba 'yar kibiyar da ke nuna arewa, shi ba ya ganinta. Na nuna masa. Ya juya takardar har kibiyar ta miƙe. Sai ga layukan ɓangarenmu duk sun karkace, sun bi babbar hanya, na tsallake kuma sun tsaya cak suna kallon arewa. Waɗanda suka auna can da sama suka yi aiki, namu da hanya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kan yaron nan bai ɗinke komai ba, Dirce." Na ce to na ji, ba sai an yi shela ba.

Sanyin shekarar nan ni na zama idonsa. Ni na hau bas zuwa ma'adana, wata baiwar Allah mai haƙuri ta fito mini da takardun gabas, na dawo da su a hammata kamar yadda yake yi. Na koyi ɗora shara-shara, na koyi bin layi ta iyakar gona inda hanya ta mutu. Yana zaune a gefena yana ba da umarni kamar ni ce katafilar, ina cewa ya rufe mini baki in ga hanya. Ban gaya masa ba, amma in na ga jan ɗigo da ɗan zagayen rijiya a kusa, gabana faɗuwa yake yi. Na fara tunanin wace irin murya gare ta, ko tana da faɗa irina, domin dai ba wajen Baba na gado shi ba.

Da gari ya yi ɗumi muka koma yawon Lahadi, amma yanzu a hankali, ba ya iya fiye da kusurwa ɗaya ko biyu. Bazara ta kwantar da shi asibiti, na zaci shi ke nan. Ya tashi, ya rame, wandonsa sai da na ƙara wa ɗamararsa huda. Kowace safiya ina lissafin abin da ya rage a takarda da abin da ya rage a jikinsa, ban san wanne zai riga ƙarewa ba.

Oktoba ta sake zagayowa muka je wata mararraba can ƙasa wajen teku, inda ba gida ko ɗaya a kusa. Hanya ɗaya an zuba mata kwalta, ɗayar ta ciyawa ce da sawun tarakta, lambatu a gefenta. Ɗan ɗakin Maryamu yana nan, an shafe shi da siminti, an sa furen roba a kwalba. Gonar kusurwar an yi mata huɗa ana jiran shuka. Ban ga komai ba sai ƙasa. Shi kuwa ya ce in kai shi ciki, ya dafa kafaɗata muka shiga, takalmana na coci suna nutsewa. Can ya tsaya ya sa na ɗebo masa ƙasa. Ya murza ta, sai ga ɓarɓashin jan bulo da farar ƙasar gini. Ya ce nan an baje gida, kuma wanda ya baje shi bai iya aiki ba, ya bar tudu. A bakin lambatun kuma akwai wani kututturen ɓaure da aka sha sarewa, ya sake tohowa da rassa sirara.

Irin wannan mun gani a wurare da yawa, ba zan rantse wa kowa cewa nan ne ba. Amma bai ce a'a ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa, na ce ɗaya ta kusa. Ya ce mu jira.

Ya ja ni kan hanyar ciyawar, ya tsayar da ni a tsakiya, rana a bayana. Shi kuma ya ja da baya kaɗan, ya zauna a bakin lambatu da ƙyar, ya miƙe ƙafafunsa kan hanya. Na ce masa in wani ya wuce zai ce tsofaffin nan sun taɓu. Bai kula ni ba. Idonsa ba ya rarrabe fuska a lokacin, amma yana gane haske da duhu. Inuwata ta yi ta juyowa sannu a hankali, har ta miƙe daidai da lambatun, kanta ya taɓa takalminsa.

"Kira ni," in ji shi.

"Me zan ce?"

"Abin da ake cewa."

Na buɗe baki. Da ƙyar na ce, "Gisto, zo ka ci abinci."

Ya girgiza kai. Ya ce ba haka ta tsaya ba, in juya gefe, in fuskanci inda gidan yake, in dafa ƙugu da hannu ɗaya. Na juya. Ya kalli inuwar a ƙasa.

"Yawwa. Sai dai tata ta fi taki faɗi a tsakiya. Cikinta ya yi girma sosai, a inuwar ma ana gani. Da na biyo ta kai, sai da na tsallake wurin, ina tsoron kada in taka jaririn." Ya ɗago kai. "Ke ce, Dirce. Kina cewa ba ki san ta ba. Ai tare kuka fito kirana."

Duk tsawon shekarun nan bai taɓa faɗin wannan ba. Na tambaye shi daga baya, ya ce shi ma bai san yana da shi ba sai da ya ga inuwar a kwance. Ni dai a ranar na tsaya a gefe ɗaya da hannuna a ƙugu, tsohuwa mai jikoki, ina kuka kamar an yi mutuwar a jiya. Ya miƙe da taimakon sandarsa, ya biyo ta kan inuwar, da ya zo tsakiya ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya iso inda nake. Ya ce yunwa yake ji. Na ɗauko gurasar da na taho da ita a mota, muka zauna a bakin lambatun muka ci.

Bai ga wata kakar ba. Ya rasu kafin alkamar gonar nan ta fitar da kai, a kujerarsa, yana fuskantar teburin. Taswirorin suna nan yadda ya bar su, kibiya tana kallon arewa. 'Yata tana ta cewa in kai su ma'adana ko in ba makaranta, ina ce mata to.

Mai gonar ya san motata yanzu, yakan ɗaga mini hannu daga kan tarakta, ya kuma daina sare ɓauren. In Oktoba ta shigo nakan rufe rumfa da hantsi in tsallaka kogi. In tsaya a tsakiyar hanyar ciyawa, in juya gefe, in dafa ƙugu. Ba wanda zan kira yanzu, amma nakan jira har inuwar ta kwanta a layin, in kalli tsakiyarta. In ta fara karkacewa sai in koma in hura wuta.